Taga Nan

Baba ya gina sama, kuɗi suka ƙare kafin a dawo ƙasa.
Shekara goma sha tara ƙarƙashin gidanmu na Agege
yana zaune da bulo tsirara,
rodi na leƙowa daga rufi kamar haƙoran mataji.
Nan muke jefa duk abin da muka kasa yarwa:
gawar janareta, keken ɗinkin da ya daina cizon yadi,
huhunan goro da ƙamshi ya daɗe da bari,
da tabarmar da aka karɓi gaisuwar rasuwarsa a kai.

Ran da na ce a nan zan zauna,
Yaya Barmani ta yi dariya har da riƙe ƙugu:
"Ke da ranki, za ki sauka ƙasa tun ba a kira ki ba?"
Na ce, kuɗin haya a Ikko ma
da rai yake binne mutum.

Mukaila magini ya zo da tocila.
Ya dafa bango, ya shinshina tafin hannunsa,
ya ce da Hausarsa ta bakin kasuwa,
"Wannan bango yana gumi.
Garin nan a kan ruwa yake kwance,
duk inda kika tona, shi za ki fara gaisarwa."

Muka haƙa kwata, muka shafa kwalta ta baya,
na sayar da warwarona biyu na sayi yashi.
Ruwan farko na watan Yuni ya zo da dare,
da asuba na tarar da silifas ɗina
suna iyo, ɗaya na bin ɗaya.
Ashe ba ƙadangare kaɗai ke jiran bango ya tsage ba.
Na zauna a kan matakala ta uku na yi kukana,
sannan na ɗauko bokiti.

Sati uku muna kwasa, muna toshewa.
Tayil ɗin ragowar gidajen masu hali ne,
kala uku, babu mai gaida ɗan'uwansa,
na ce a shimfiɗa, ƙafa ba ta da ido.

Ana gab da yaɓe bangon gabas
Mukaila ya tsaya da cokalin gini a sama.
Rubutun gawayi ne, ajamin Baba mai karkata hagu:
siminti buhu arba'in,
yashi tifa biyu,
saura sai Allah ya hore.
Can sama kuma, dab da rufi, ya ja kibiya
ya rubuta: taga nan.

"Ba abin da za ki gani sai ƙafafun mutane."
Na ce, fasa.
Lissafin kuwa na hana a rufe shi.
Fenti ruwan madara ya zagaye shi ya wuce,
kamar yadda ake kewaye mai salla.

Yanzu da ƙafa nake sanin unguwa.
Mai tallar burodi, dunduniya duk faso, ƙarfe shida.
Farar safar 'yan makaranta, ɗaya sama ɗaya ƙasa.
Iya Sikiratu da kumburarren idon sawu
tana jan jiki zuwa asibiti ran Talata.
In jirgin ƙasa ya wuce, shayina yakan yi rawa a kofi,
ihun 'yan kwandasta kuwa
kafin ya sauko nan ya gaji.

Sallau har yau yana buga goshi a bakin ƙofa.
Bango yakan yi ɗan gumi in damina ta yi nisa,
ni ma haka.

Jiya aka ɗauke wuta, sama ta zama tanda.
Na ji takun da na sani a matakala:
Yaya Barmani ce, da matashi a hammata.
Ba ta ce komai ba, ni ma ban tuna mata ba.
Ta kwanta ƙarƙashin rubutun Baba,
hasken la'asar ya shigo ta inda ya nuna
ya sauka a ƙafarta.